Fanisau: Lokacin da Iyakar Kano Take Bakin Ƙofa

Wanda ya buɗe taswira a wayarsa yau zai ga iyakar Kano siririn layi ce, can nesa da birni. Shekara 200 da suka wuce babu wannan layi. Iyaka a wancan zamani gari ce mai ganuwa, da mutanen da aka zaunar a ciki domin su tare abokan gaba. Irin wannan gari ake kira ribaɗi, kuma ɗaya daga cikinsu yana nan a ƙaramar hukumar Ungogo, daura da filin jirgin saman Malam Aminu Kano: Fanisau.

Dabarar tsohuwa ce a duniya. A ƙasar Sin, bayan dakarun Sarki Wu na daular Han sun kori mayaƙan Shiyongnu daga yammacin ƙasar a shekara ta 121 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an kafa gundumomi huɗu a wurin, ciki har da Dunhuwang, aka zuba sojoji suna noma suna tsaro. Dalili a fili yake: rundunar da ake yi wa dakon abinci daga nesa ba ta daɗewa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma haka ya gani. Ya umarci sarakuna su kafa ribaɗai, shi kansa ya zauna a na Wurno har ya rasu a can a 1837.

A Kano, buƙatar ta taso a 1819, lokacin da Sarki Sulaimanu ya rasu aka naɗa Ibrahim Dabo. Manya da dama suka ƙi yi masa mubaya'a. Wanda ya fi tayar masa da hankali shi ne Ɗan Tunku, wanda ya riƙe arewacin ƙasar, hare-harensa suna kusantar birni. Dabo ya ƙarfafa Fanisau, ya yi gida a can, ya mayar da ita sansanin yaƙinsa. Da Baturen nan Kilafaton ya iso Kano a watan Janairun 1824, bai tarar da Sarki a fada ba, sai da aka kai shi Fanisau. Wato a shekarar, bakin dagar Kano bai wuce tafiyar hantsi daga ganuwar birni ba.

Rikicin ya ƙare da sulhu. Sakkwato ta amince Kazaure ta zama masarauta mai cin gashin kanta, iyaka ta matsa gaba. Daga baya barazanar ta koma wasu fuskoki: Ningawa daga kudu, Damagaram da Maraɗi daga arewa. Hankalin sarakuna ya koma kan garuruwa irin su Takai da Babura.

To, ina makomar ribaɗin da iyaka ta tafi ta bari? Ba a tashe shi ba, aikinsa ne ya sauya. Gonakin da aka share domin ciyar da mayaƙa suka zama gandun sarki, ana noma gero da dawa ana kai wa fada, manyan bayin sarki irin su Shamaki suna lura da su. Masu riƙe fartanyar kuwa yawancinsu bayi ne da aka kamo a yaƙi. Wannan ɓangaren ba a cika faɗarsa a kirari ba, amma da guminsu aka cika rumbunan. Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, amma sai a 1936 aka haramta bauta baki ɗaya a Arewa.

Mu mazauna Nassarawa mun saba da Hawan Nassarawa, dawakai suna wucewa ta ƙofar gidajenmu. Cikin hawan Sallah akwai kuma na Fanisau, inda Sarki yake fita zuwa gidan da kakansa Dabo ya yi domin yaƙi. Mai ɗaukar hoto a ranar zai ga lifidi da alkyabba. Idan ya juya wayarsa gefen hanya, zai ga filayen da aka noma wa mayaƙan abinci, da unguwannin da yanzu suke cinye su fuloti bayan fuloti.