Hunturun Taloka da Soron Kaka

1/ Ina yaro a Taloka, in hunturu ya kankama, soron Kaka muke gudu. Waje ɗari na tsaga leɓe, ciki ɗumi. Sai da na girma na gane dalili.

2/ Bangon tubali mai kauri yana shan zafin rana, da dare ya sako shi. Da bazara kuma ciki sanyi. Azarar giginya ke riƙe rufin, gara ba ta cinta da sauƙi.

3/ Ba sabon ilimi ba ne. Da ƙasa aka gina Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya rasu a 1837.

4/ A tsaunukan Alps na Turai, rufin gargajiya yakan jure nauyin ƙanƙara. Mu indararo muke sawa saboda ruwan damina. Kowa da yanayinsa.

5/ Rauninsa ruwa ne. Ambaliyar Gulbin Rima ta 2010 ta rushe gidajen ƙasa birjik a yankin Goronyo. Da yawa suka koma bulo da kwano.

6/ Kwano kuwa, ɗari ya shigo, zafi ya shigo. Maginan gargajiya suna tsufa, 'yan uwa. In akwai a garinku, ku je ku koya.