Dariya a kan gawa: Yadda ake haɗa shirin Only Murders in the Building

A ranar 31 ga Agustan 2021 dandalin Hulu na Amurka ya fara nuna wani shiri mai dogon zango mai suna Only Murders in the Building, wato kisan da aka yi a cikin bene kaɗai. Labarin maƙwabta uku ne da ke zaune a wani katafaren gidan bene a birnin New York: Charles, tsohon jarumin talabijin da tauraronsa ya dusashe, Oliver, mai shirya wasan daɓe da bashi ya yi wa katutu, da Mabel, matashiya mai ƙarancin magana da ke ɓoye wani tsohon tabo. Ba abin da ya haɗa su sai son sauraron podkas, shirin sautin nan na intanet, musamman wanda ke bin diddigin kisan kai. Ranar da aka tsinci gawar wani maƙwabcinsu, Tim Kono, 'yan sanda suka ce shi ya kashe kansa. Su ukun ba su yarda ba, sai suka buɗe nasu podkas ɗin suka shiga bincike.

Mai kallo zai ɗauka shiri ne mai sauƙi: dattawa biyu na musayar baƙar magana, yarinya na harararsu. Sai dai irin wannan shiri na cikin masu wuyar rubutawa, domin ana so a bai wa mutum dariya alhali ga gawa a kwance, kuma a ɓoye masa mai kisan ba tare da an yi masa ƙarya ba.

Steve Martin, wanda aka haifa a 1945, shi ne ya fara kawo dabarar, kuma ya daɗe da ita a ransa kafin ta zama shiri. A siffarta ta farko, tsofaffi uku ne masu sha'awar warware laifi, amma tsufa ya hana su yawo, don haka suka yanke cewa kisan da ya faru a gidansu kawai za su bincika. Daga nan sunan ya samo asali. Furodusa Dan Fogelman ya haɗa shi da marubuci John Hoffman, wanda ya zama jagoran shirin. Martin Short, abokin aikin Steve Martin tun daga fim ɗin Three Amigos na 1986, ya karɓi matsayin Oliver. Canjin da ya fi tasiri shi ne cire tsoho na uku a sa Selena Gomez, wadda aka haifa a 1992. Tazarar shekarun nan ita ce rijiyar da marubutan ke ɗebo rabin barkwancinsu daga ciki, tun daga yadda dattawan ke rubuta saƙon waya kamar wasiƙar ofis har da sa suna a ƙarshe.

Hoffman kuwa da wani nauyi ya shigo aikin. Ya sha faɗa a hirarraki cewa wani amininsa na ƙuruciya ya mutu a yanayi mai ɗaure kai, kuma ya ɗauki lokaci yana bin sawun abin da ya faru. Wannan ne ya sa labarin Mabel da Tim Kono, abokan ƙuruciyar da rayuwa ta raba, ya fi sauran sassan zangon farko sanyaya jiki.

Daga ƙarshe ake farawa

Kowane zango kashi 10 ne, kowane kashi kuma kusan rabin awa. Kafin a rubuta shafin farko, marubutan kan zauna a ɗaki ɗaya su amsa tambayoyi uku: wa aka kashe, wa ya kashe shi, me ya sa. Sai sun tsayar da waɗannan sannan su dawo baya suna shuka alamu. Ƙa'idar tsohuwa ce, tun zamanin littattafan Agatha Christie: duk abin da mai bincike ya dogara da shi wajen gano gaskiya, dole a ce mai kallo ma ya gan shi, ko da bai lura ba. Idan aka kawo mai laifi daga sama a kashin ƙarshe, an ci amanar mai kallo.

A nan ne barkwanci ke yin aikin da ba kowa ke ganewa ba. Mutum idan yana dariya, hankalinsa na kan abin dariyar. Don haka wuri mafi kyau na ɓoye alama shi ne cikin raha: a ambaci wani abu kamar shirme, a yi dariya a wuce, sai bayan kashi biyar ko shida a gane shi ne mabuɗin. Haka kuma kowane kashi na bukatar wanda za a zarga, a gina zargin har ya yi ƙarfi, sannan a rushe shi ta hanyar da za ta buɗe wata ƙofar. Inda shirin ya fi rauni shi ne lokacin da wannan juyi ya zama al'ada, mai kallo ya san cewa duk wanda aka nuna da yatsa a kashi na huɗu ba shi ba ne. Zangunan baya sun ɗan faɗa wannan rami, suka riƙa cike giɓin da manyan baƙin jarumai.

Akwai kuma wata sarƙa da suka ɗaura wa kansu: kashin ƙarshe na kowane zango kan nuna gawar zango mai zuwa. Ma'ana, tun kafin su kammala labari ɗaya sun riga sun ci bashin na gaba. Hatta zanen da ke buɗe shirin, mai nuna tagogin benen, ana ɗan sauya shi a kowane kashi a saka wata ƙaramar alama, abin da ya mayar da masu kallo 'yan bincike su ma.

Gidan da ke da nasa tarihin

A cikin labari sunan benen Arconia. A zahiri, abin da ake gani daga waje shi ne Belnord, gini mai hawa 13 da aka kammala a 1909 a kan titi na 86 a yammacin Manhattan, wanda ya mamaye fili guda tsakanin titin Broadway da na Amsterdam, da makeken tsakar gida a cikinsa. Ƙofar shiga da tsakar gidan ne ake ɗauka a can. Ɗakunan Charles da Oliver da Mabel kuwa, da lungunan da na'urar hawa benen, duk kafintoci da masu fenti ne suka gina su a zauren ɗaukar fim. An tsara kowane ɗaki ya bayyana mai shi kafin ya buɗe baki: na Oliver cike da tarkacen wasan daɓe, na Mabel babu komai sai bangon da ake gyara. Wannan aiki ya ci kyautar Emmy ta tsara wuri a 2022.

Tarihin Belnord na gaskiya ya fi na Arconia zafi. Daga 1978 zuwa 1994 masu haya a ginin sun yi yajin biyan kuɗin haya, suna zargin mai gidan da barin sa ya lalace, rikicin da ke cikin mafi tsawo irinsa a tarihin birnin. Daga baya aka mayar da gidajen na sayarwa a kan miliyoyin daloli. Shirin bai kauce wa wannan batu gaba ɗaya ba: barazanar korar Oliver saboda bashi da ikon kwamitin gudanar da benen suna cikin labarin tun zangon farko.

An fara ɗaukar zangon farkon a Disamban 2020, aka gama a Afrilun 2021, wato a tsakiyar annobar korona, lokacin da gwaji da takunkumi suka zama sharaɗin shiga wurin aiki, ga kuma jarumai biyu da suka kai shekara 70 ko suka haura.

Kashi na bakwai na wannan zango shi ne aka fi ambata idan ana maganar gwanintar shirin. An gina shi a kan Theo, wani kurma mazaunin benen, kuma James Caverly, wanda shi ma kurma ne, ya fito a matsayin. Kusan rabin awa babu maganar baki sai a ƙarshe. Wuraren Theo da maganar hannu aka yi su, sauran kuwa sai da marubutan suka nemo wa kowane dalilin yin shiru: wasu na laɓe don kada a ji su, wasu na wasan haɗa kalmomi. Ga shirin da jarinsa surutun dattawa biyu ne, wannan kasada ce. Daraktar kashin, Cherien Dabis, Ba'amurkiya 'yar asalin Falasɗinu, ta shiga jerin 'yan takarar Emmy saboda shi.

Waɗanda ba a gani

Zango na uku, wanda Meryl Streep da Paul Rudd suka shigo, ya bukaci a rubuta waƙoƙin wani wasan daɓe na ƙarya da Oliver ke shiryawa. Aka ɗauko marubutan waƙa na gaske, ciki har da Benj Pasek da Justin Paul, kuma ɗaya daga cikin waƙoƙin ta ci Emmy a 2024.

Sai dai zangon ya fito ne a ranar 8 ga Agustan 2023, lokacin da masana'antar fim ta Amurka ta tsaya cak. Ƙungiyar marubuta ta shiga yajin aiki tun 2 ga Mayu, ta yi kwana 148. Ta jarumai ta bi sahu a 14 ga Yuli, ta yi kwana 118. An riga an gama ɗaukar zangon, amma dokar yajin ta hana jaruman fita tallata shi. Abin da marubutan ke ƙorafi a kai ya shafi irin wannan shiri kai-tsaye. A da, shirin talabijin kan yi kashi 22 a shekara, marubuci ya samu aiki mai tsawo da kuma kaso duk lokacin da aka maimaita nunawa. Dandalin intanet ya rage kashin zuwa 8 ko 10, ya rage yawan marubuta da makonnin aikinsu, kason maimaici kuma ya ƙanƙance. Yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yajin ta tanadi cewa shiri mai kashi 7 zuwa 12 zai ɗauki marubuta aƙalla biyar, sai fa idan mutum ɗaya ne ke rubuta shi duka, kuma ba za a lissafa ƙirƙirarriyar basira a matsayin marubuci ba.

Zango na huɗu, na 2024, shi ne na farko da aka ɗauka bayan yajin, kuma da wuya a ce abin da ya zaɓa ya bincika dacewa ce kawai. Wadda aka kashe ita ce Sazz, wadda Jane Lynch ke fitowa a matsayinta, mai maye gurbin Charles a wuraren haɗari, irin ma'aikatan da ke karya ƙashi a madadin jarumi ba tare da an ga fuskarsu ba. A lokaci guda kamfanin Hollywood na ƙoƙarin mayar da podkas ɗin fim, har ya ɗauko Eugene Levy da Zach Galifianakis da Eva Longoria su kwaikwayi mutum ukun. Ba sai mun faɗi wanda ya yi kisan ba, amma dalilinsa ya rataya ne a kan tambayar wa ya rubuta labarin fim ɗin, kuma sunan wa aka sa a kansa.

Tun farko ma shirin na yi wa kansa irin wannan tambaya. Cinda Canning, shahararriyar mai podkas da Tina Fey ke kwaikwaya, shaguɓe ce ga kasuwar da ta bunƙasa bayan podkas ɗin Serial na 2014, kasuwar da ke mayar da mutuwar ɗan wani abin nishaɗin wani. Jaruman uku ma ba su tsira daga zargin ba, tunda su ma gawar maƙwabci ce ta ba su suna da masoya.

A Fabrairun 2025 ƙungiyar jaruman Amurka ta bai wa 'yan wasan shirin kyautar gwarzon ayarin barkwanci, Martin Short kuma ya karɓi ta gwarzon jarumi. Zango na biyar ya fara a 9 ga Satumban 2025 da mutuwar Lester, mai tsaron ƙofar benen, wani ma'aikacin da mazauna suka shafe shekaru suna wucewa ta gabansa. Bayan kammala shi Hulu ta sanar da zango na shida, wanda zai kai su ukun Landan, nesa da benen da aka sa wa shirin suna dominsa.