Tace jini domin rage kwalastarol

Tace jini domin rage kwalastarol, wanda likitoci ke kira aferesis, hanyar magani ce da ake fitar da jinin majiyyaci ta jijiya, a ware ruwan jinin daga ƙwayoyinsa, a bi da shi ta matatar da ke kama LDL, wato ƙunshin kitse da furotin mai taruwa a bangon jijiyoyi, sannan a mayar da shi jiki. An fi yi wa masu gadon yawan kwalastarol, musamman waɗanda suka gada daga uwa da uba, idan magunguna sun kasa.

Gilbert Thompson ya bayyana maganin cutar ta hanyar musanya ruwan jini a Landan a 1975, sannan a 1981 Wilhelm Stoffel na Jamus ya gabatar da matatar da ke zaɓar LDL.

Zama ɗaya, na awa 2 zuwa 4, yakan rage LDL da dangin kitsen nan Lp(a) da fiye da kashi 60 cikin ɗari, alhali HDL, wato kwalastarol mai amfani, kaɗan yake raguwa. Da yake hanta ba ta daina samar da kitsen, yakan sake hauhawa cikin kwanaki, shi ya sa ake maimaita tacewar kowane mako ɗaya ko biyu.