Sauya hanyar shigar iska ta motar a-kori-kura

Sauya hanyar shigar iska wani gyara ne da masu motoci ke yi, inda ake cire akwatin matatar iska da bututun da kamfanin ƙera motar ya saka, a maye gurbinsu da wasu na kasuwa. An fi yin sa a Amurka da Kanada da Ostareliya, a tsakanin masu motocin a-kori-kura irin su Ford F-150 da Chevrolet Silverado da Ram da Toyota Tacoma. Wasu ƙarin ƙarfin inji suke nema, wasu ƙugin injin ne ke burge su, wasu kuma suna son matatar da za a wanke a mayar maimakon a riƙa sayen sabuwa. Aikin ba shi da wuya, da sukundireba da sifana mutum zai iya gama shi a gida, shi ya sa galibi da shi ake fara taɓa sabuwar mota. Sai dai yana iya shafar lafiyar injin, kuma yana iya jawo taƙaddama a kan garantin motar.

Yadda hanyar iska ta asali take aiki

Injin fetur yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska domin ya ƙona giram ɗaya na mai ƙurmus. Idan aka auna da lita, kowace litar fetur ɗaya na tafiya da iska wajen lita 9,000. Duk wannan iska sai ta bi ta hanya guda: ta shiga ta wata kafa da ke kusa da gaban mota ko cikin kumatun taya, ta faɗa akwatin roba da matata ke ciki, ta wuce na'urar auna iska, sannan ta bi bututu zuwa cikin injin. A motoci masu turbo, iskar takan fara ratsa turbo kafin ta isa silinda.

Akwatin na asali yana yin ayyuka da dama ban da riƙe matata. Yana raba iskar da injin zai shaƙa da iska mai zafi ta ƙarƙashin bonet. A ƙasansa akwai ƙananan ramuka da ruwan sama ke tsiyayewa. A jikin bututun akwai ɓoyayyun ɗakuna na roba da ke kashe ƙarar tsotsar iska. A wasu motocin kuma ana liƙa wani shafi na gawayi a murfin akwatin, wanda ke kama tururin fetur bayan an kashe mota don kada ya fita sarari.

Ire-iren kayan kasuwa

Akwai matata kawai da ake sakawa cikin akwatin asali, yawanci ta auduga da aka shafa wa mai. Kamfanin K&N na jihar Kalifoniya, wanda aka kafa a shekarar 1969, shi ya fi shahara da irin wannan. Akwai gajeren bututu mai buɗaɗɗiyar matata da ke zama a fili a ƙarƙashin bonet. Akwai wanda ake kira mai jawo iska mai sanyi, wanda ke kai matatar nesa da zafin injin ko ya rufe ta cikin sabon akwati. Na huɗu shi ne bututun da ke hawa ta gefen gilashin gaba har kusa da rufin mota, wanda ake kira sinokel, na masu bin jeji da tsallake rafi.

Hujjar masu sayarwa ita ce iska mai sanyi ta fi nauyi, don haka ta fi yawan iskar oksijin. Wannan gaskiya ne: idan zafin iska ya sauka da digiri 3 na ma'aunin Selsiyos, nauyinta kan ƙaru da kusan kashi 1 cikin 100. Abin da tallan ba ya faɗa shi ne, akwatin yawancin motocin zamani dama daga waje yake jawo iska. Gajeren bututu mai buɗaɗɗiyar matata kuwa, a cikin cunkoso ko a tsaye, iskar da lagireto da injin suka gasa yake zuƙa, wato ya fi na asali zafi. Ƙarin ƙarfin da ake samu a injin da ba a taɓa komai nasa ba kaɗan ne, kuma sai an take totur har ƙasa yake bayyana. Batun rage shan mai ma bai da tushe sosai. Binciken da ɗakin gwaje-gwaje na Oak Ridge a Amurka ya fitar a shekarar 2009 ya nuna cewa ko toshewar matata ba ta sauya shan mai sosai a motocin fetur masu injekta, saboda kwamfuta na daidaita mai da yawan iskar da ta shiga. Abin da ke raguwa shi ne ƙarfin fizga.

Haɗari ga injin

Ƙura

Babbar illa, kuma wadda ta fi wuyar ganewa, ita ce ƙura. Mafi yawan ƙurar hanya burbushin yashi ne na silika, wanda ya fi ƙarfen silinda tauri. Idan ta wuce matata sai ta cakuɗe da baƙin mai ta zama kamar sanfefa, tana cin ringi da bangon silinda a hankali. A mota mai turbo, ƙurar takan fara cin fikafikan turbo, waɗanda ke juyawa sama da sau 100,000 a minti ɗaya. Mota ba ta nuna alama a watannin farko. Sai daga baya ta fara shan baƙin mai, ta yi hayaƙi, ƙarfinta ya ragu, a lokacin kuma ɓarna ta riga ta auku.

Ana gwada ingancin matata da ƙa'idar ISO 5011, wadda ke auna kason ƙurar da matata ta tsare da kuma yawan da za ta iya ɗauka kafin ta toshe. Bambancin lambobin kan zama kamar ba komai ba. Matatar da ke tsare kashi 99.9 cikin 100 da wadda ke tsare kashi 99 sun yi kusa a rubuce, amma ta biyun tana barin ƙura ninki goma ta wuce. A bisa al'ada, matatar da ta fi sakin iska ta fi sakin ƙura, sai in an faɗaɗa girmanta. Wannan ne dalilin da ya sa manyan motocin dizal da taraktoci ke amfani da busasshiyar matata mai zurfi, wasu har da ta biyu a ciki.

Sau da yawa ma laifin ba na matatar ba ne. Kilif da bai ɗauru ba, ko bakin roba da ya tsage, ko ƙaramin tiyo da aka manta ba a mayar ba, kowanne na iya buɗe wa ƙura hanya a bayan matata.

Na'urar auna iska

Yawancin motocin zamani na da sensa mai siririn waya da ake zafafawa da lantarki. Iskar da ke wucewa tana sanyaya wayar, kwamfutar injin kuma, wadda makanikai a Najeriya ke kira biren-bos, tana lissafa nauyin iskar daga nan ta saki man da ya dace. An tsara lissafin ne bisa faɗin bututun asali da yadda iska ke kwarara a cikinsa. Idan aka saka bututu mafi faɗi, iska ɗaya za ta wuce a hankali, sensa ta ƙirga ƙasa da abin da ya shiga, mai ya yi wa iska kaɗan. Kwamfuta na iya gyara ƙaramin kuskure ta hanyar sensar oksijin da ke jikin salansa. In kuskuren ya wuce iyaka sai fitilar gargaɗin inji ta kama, na'urar bincike ta nuna lambobi irin su P0171 da P0174, masu nufin mai ya yi kaɗan, ko P0101, mai nufin karatun sensar iska ya kauce. Ƙarancin mai a lokacin da mota ke jan kaya mai nauyi yana ƙara zafin ƙuna, wanda ke iya lalata fistin da bawul.

Matata mai mai na da nata matsalar. Idan mai ita ya wanke ta ya cika mata mai, man na iya bin iska ya lulluɓe wayar sensa. A shekarar 2004 kamfanin General Motors ya aika wa dilolinsa sanarwa cewa irin wannan na jawo kamawar fitilar gargaɗi da rikicewar canjin giya, kuma gyaran da ya samo asali daga nan ba ya cikin garanti. Kamfanin K&N ya musanta, yana cewa gwaje-gwajensa sun nuna man ba ya barin jikin matatar.

Ruwa

Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Idan ya shiga silinda da yawa yayin da fistin ke hawa, injin kan tsaya cak, sandar fistin ta lanƙwashe ko ta karye, wani lokaci har ta fasa jikin injin. Bututun da ke sauke matata ƙasa kusa da bamba ya fi jawo wannan, musamman in aka shiga kududdufi da gudu. Injin dizal ya fi saurin illatuwa, domin sararin da ke saura a saman fistinsa ƙarami ne. Sinokel na rage haɗarin ne kawai idan an toshe duk mahaɗai da ramukan akwatin, kuma ba ya kare giya da wayoyin lantarki daga ruwa. Lokacin da Toyota ta fitar da Tacoma TRD Pro na shekarar 2019 da irin wannan bututu, ta bayyana shi a matsayin na kauce wa ƙurar sahara, ba na shiga ruwa ba.

Garanti a Amurka

Sabuwar a-kori-kura a Amurka takan zo da garanti kashi-kashi. A kamfanonin Ford da Toyota, na gaba ɗayan mota shekara 3 ne ko mil 36,000, na inji da giya kuma shekara 5 ko mil 60,000. Injinan dizal na manyan a-kori-kura kan samu shekara 5 ko mil 100,000.

Dokar da ake yawan ambata ita ce Magnuson-Moss, wadda Shugaba Gerald Ford ya sa wa hannu a watan Janairun 1975. An raɗa mata sunan Sanata Warren Magnuson da ɗan majalisar wakilai John Moss, kuma Hukumar Kasuwanci ta Tarayya, FTC, ke kula da aiwatar da ita. Dokar ta hana kamfani gindaya sharaɗin cewa sai an yi amfani da kayansa ko garejinsa kafin garanti ya yi aiki, sai fa in kyauta yake bayarwa. A watan Afrilun 2018 hukumar ta aika wa kamfanoni shida takardar gargaɗi a kan irin wannan sharaɗi, cikinsu har da Hyundai.

Saboda haka saka bututun kasuwa ba ya soke garantin mota baki ɗaya. Idan gilashin ƙofa ya daina hawa ko rediyo ta mutu, dila ba shi da hujjar ƙin gyarawa don an sauya matata. Amma kamfani na da ikon ƙin biyan gyaran da kayan kasuwar suka haddasa, kuma a ra'ayin hukumar, shi ne zai nuna cewa su suka haddasa. A nan ne masu motoci da yawa ke ruɗuwa da tallan da ke cewa doka ta kare su. Abubuwan da hanyar iska ke shafa, wato sensa da turbo da ringi da silinda, su ne mafiya tsada a garantin. Makanikin dila na iya gano ƙura a cikin bututu a bayan matata, ko ya aika baƙin mai ɗakin gwaji a ga silika ya yi yawa, hakan kuma ya ishe shi hujja. Da zarar an ƙi, mai mota ne zai ɗauki ɗawainiyar ɗaukaka ƙara ga kamfani, ko zuwa sasanci ko kotu, alhali motarsa na ajiye.

Ƙarin kariyar da ake saya daban bayan garantin kamfani, a idon doka kwangilar gyara ce, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan kwangiloli sun cire motar da aka yi wa sauyi. Su kansu kamfanonin mota suna sayar da nasu kayan ƙarin ƙarfi da sunaye irin su Mopar da Ford Performance da TRD. Wasu daga cikinsu ba sa taɓa garanti idan dila ne ya saka, wasu kuma an rubuta cewa na filin tsere ne kawai.

Dokar hayaƙi

Dokar tsaftar iska ta Amurka ta haramta cirewa ko kashe duk wani abu da aka saka don rage gurɓatar iska, kuma shafin gawayin da ke cikin akwatin yana cikinsu. A Kalifoniya, kayan kasuwar da suka shafi hayaƙi sai sun samu lambar izini daga hukumar kula da iska ta jihar, CARB, wadda ake bayarwa ga takamaiman mota da shekara da inji. Motar da aka ga bututu marar wannan lamba a jikinta tana faɗuwa gwajin hayaƙi, ko da abin da ke fita daga salansarta bai wuce ƙa'ida ba.

A yankin Sahel

A Najeriya da Nijar yawancin motoci na hannu ne da aka shigo da su bayan garantinsu ya ƙare, don haka batun garanti ya fi shafar hukumomi da kamfanoni da ƙungiyoyin agaji da ke sayen sababbin Hilux da Land Cruiser daga dila. Batun ƙura kuwa ya shafi kowa. A lokacin hunturu iska kan kwaso ƙura mai laushi daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta baza ta a yankin, ga kuma hanyoyin burji da ba su da kwalta. Wasu motocin da ake shigowa da su daga Amurka kan iso da buɗaɗɗiyar matata da mai motar na farko ya saka, wadda aka tsara don titunan da ba su da ƙura irin wannan. Akwai kuma al'adar hura matatar takarda da iskar kwamfuresa a mayar da ita, wanda ke iya huda takardar da ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Littattafan masu mota na yawancin kamfanoni suna sanya tuƙi a cikin ƙura a rukunin aiki mai tsanani, inda ake buƙatar duba matata da sauya ta kafin lokacin da aka saba.