Yadda Labarin Ruwa Ya Shiga Makarantar Yara

Yaro ɗan shekara bakwai, in ya zauna a aji, malami yakan gaya masa ruwa kama uku gare shi, watau ruwa mai gudu, da ƙanƙara, da tururi. Yakan ƙara da cewa zafin rana ke ɗauke shi daga teku ya zama girgije, ya zubo ya cika koguna da rijiyoyi. Yaron sai ya haddace wannan cikin safiya guda, yana tsammani abu ne da kowa ya sani tun fil'azal. Alhali kuwa masana sun yi kusan shekara dubu biyu suna gardama a kansa.

Mutanen da sun san tururi kan tashi sama ya komo ruwa. Abin da suka ƙi yarda da shi, shi ne a ce ruwan sama kaɗai ya isa ya riƙe manyan koguna. Aflatun, masanin Yunanawa, ya ce akwai wani ƙaton rami a ƙarƙashin ƙasa, daga can koguna ke ɓullowa. Almajirinsa Aristotal ya ce iska ce ke zama ruwa a cikin sanyin duwatsu. Waɗansu kuma suka ce ruwan teku ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, ya bar gishirinsa a hanya, ya hau kan tuddai. Aka yi ta karanta waɗannan zantuttuka zamani bayan zamani, ba wanda ya ɗauki mudu ya auna.

Cikin shekara ta 1580 wani maginin tukwane na ƙasar Faransa, ana ce da shi Bernard Palissy, ya rubuta cewa kowane idon ruwa daga ruwan sama yake. Amma ba a kula da maganarsa ƙwarai ba. Sai bayan kusan shekara ɗari wani Pierre Perrault, wanda ya taɓa riƙe aikin karɓar haraji a birnin Faris, ya bi al'amarin yadda ma'aji ke bin kuɗi, watau abin da ya shigo da abin da ya fita. Ya tara awon ruwan sama na shekara uku, ya lissafta faɗin ƙasar da ke shayar da Kogin Sen wajen mafarinsa, ya kuma kimanta ruwan da kogin ke kwashewa. Ya buga littafinsa a 1674, ya nuna ruwan sama ya ninka na kogin wajen sau shida.

Saura tambaya guda: ko tururin da ke tashi daga teku ya isa ya ba da wannan ruwa duka? Edmond Halley, wani Baturen Ingila masanin taurari, shi ya amsa a 1687. Ya zuba ruwan gishiri a tasa, ya ɗumama shi daidai da zafin bazara, ya auna nauyin da ya ragu. Da wannan ya lissafta cewa Bahar Rum kan yi asarar tan miliyan 5,280 cikin yini guda na bazara, kogunan da ke zuba a cikinta kuwa ba su mayar mata da fiye da kamar sulusin wannan ba. Ashe abin da masu dogon zance suka kasa yankewa, tasa da ma'auni sun yanke shi.

Duk da haka ilmin nan ya daɗe a hannun manya, yara kuwa sunayen ƙasashe da na koguna kurum ake sa su haddacewa. A 1869 wani masani, Thomas Huxley, ya yi wa yara karatu a birnin Landan ta wata hanya dabam. Bai fara da duniya duka ba, sai ya fara da Kogin Tems wanda suke gani kullum daga kan gada. Ya tambaye su daga ina ruwan nan yake. Ya bi da su daga kogi zuwa idon ruwa, daga nan zuwa ruwan sama da raɓa, sa'an nan ƙanƙara, sa'an nan tururi, har ya kai su ga rana. Aka buga karatun nan ya zama littafi a 1877, makarantun Ingila da yawa suka ɗauki hanyarsa.

Irin wannan karatu ya iso ƙasar Hausa ta makarantun boko, littattafansa kuwa suka biyo baya. A 1949 aka buga Ikon Allah a Zariya, wanda Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta don su bayyana wa yara halitta iri iri da harshensu.

To, abin lura cikin tarihin nan shi ne, an sami ilmin nan ta gani da awo, ta nan kuma ya fi saurin shiga kan yaro. Kayan aikin kuwa kowane gida akwai su. Murfin tukunya yana nuna yadda tururi ke komawa ruwa. Ƙanƙarar da kan faɗo tare da hadari, in aka sa ta a ƙoƙo, tana narkewa a gaban ido. Rigar da aka shanya ta bushe, tasar Halley ke nan. Gwangwani a tsakar gida kuma ya isa a auna ruwan dare guda.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan manomi. Tun 1905 ake rubuta awon ruwan sama a Kano. Damina ta 1913 ta yi ƙarancin ruwa ƙwarai, yunwar da aka kira Kakalaba ta biyo bayanta a 1914. Yaron da ya gane rijiya da kogi daga girgije suke ci, in ya girma ya ga damina ta gaza, ba ya jira sai guga ya taɓa laka kafin ya fara tattalin ruwa da hatsi.