Zafin Rami da Lissafin Buhu: Nazari kan Lafiyar Mahaƙa a Nijar

A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai kan haura digiri 40, shi ya sa matashin unguwar Talladje ke ɗauka cewa babu zafin da zai ba shi tsoro. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakatan a 2014, dubban matasa suka nufi arewa da irin wannan zato. Amma zafin gari daban, na rami daban.

Jikin mutum na zaune ne a kusan digiri 37, kuma gumi ne ke sanyaya shi, muddin gumin ya bushe. A ƙasan rami iska ba ta yawo, numfashin mahaƙa da ruwan ƙasa na cika wurin da laima, sai gumi ya yi ta zuba ba ya bushewa. Mai sara da diga na iya zubar da fiye da lita 1 a awa guda. Daga nan sai ciwon kai, jiri da ɗaurewar jijiyoyi. In zafin jiki ya wuce digiri 40 hankali kan gushe, mutuwa ta zo kusa. Ƙoda ma na shan wuya a ɓoye, kamar yadda aka gani ga masu yankan rake a Nikaraguwa.

Maganin sananne ne: kofin ruwa kowane minti 15 zuwa 20 tun kafin ƙishirwa ta kama, ruwan gishiri da sukari ga wanda ya yi gumi sosai, hutu a inuwa, da kwana 7 zuwa 14 na sabo ga sabon zuwa. A Afirka ta Kudu, mahaƙar Mponeng mai zurfin kusan kilomita 4 da ƙanƙara ake sanyaya ta. Katar kuwa ta hana aikin waje daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na rana a lokacin zafi.

To me ya hana a bi? A ganina ba rashin sani ba ne, tsarin biya ne. A manyan kamfanoni irin su SOMAIR ta Arlit, ko COMINAK kafin a rufe ta a 2021, ma'aikaci na da albashi, hutunsa ba ya rage masa komai. A ramukan gargajiya kuwa rabon buhun dutse ake yi. Wanda ya fito shan iska, kasonsa ya ci. Ruwa ma saye ake, daga nesa tankoki ke kawo shi, don haka mahaƙi kan yi wa jarkarsa tsimi. Wasu na haɗiyar tiramadol don su jure, ita kuwa gajiya take ɓoyewa, wato gargaɗin farko da jiki ke yi. Rushewar rami, irin ta Ɗan Isa a jihar Maraɗi a Nuwamban 2021, ita ke shiga labarai. Wanda zafi ya kayar sai a ce zazzaɓi ne.

Saboda haka wa'azi ga leburan bai wadatar ba. Nauyin ya kamata ya hau kan mai rami: ruwan sha kyauta, rumfa, injin hura iska, da dakatar da sara da tsakar rana ba tare da taɓa kason kowa ba. Ya kamata ma'aikatar ma'adinai ta sa waɗannan cikin sharuɗɗan ba da izinin haƙa.