Baitulmali Da Makarantun Ƙasar Ɗambatta

Ku 'yan makaranta, kun saba jin ana cewa "makarantar Gwamnati", sai ka ce Gwamnati wani attajiri ne mai rumbun kuɗi. To, bari mu ɗauki ƙasar Ɗambatta, wadda ke arewa da birnin Kano a kan hanyar Kazaure, mu bi sawun kuɗin makarantunta, mu ga inda suka fito.

Kafin zuwan Turawa makarantar allo aka fi sani, ba ta kuwa jiran kuɗin sarki. Iyaye ke ba malam kuɗin Laraba, almajirai su taya shi noma, in kaka ta yi a kai masa zakka.

Turawa suka ci Kano a 1903. A 1909 Ɗan Hausa, watau Hans Vischer, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa, zamanin Sarki Abbas. Cikin shekarun nan ne kuma Mista Palmer, Razdan na Katsina, ya fara shirin Baitulmali, zuwa 1911 an kafa irinsa a manyan masarautu, har da Kano. Shirin kuwa shi ne, harajin da aka tara a raba biyu, Gwamnati ta ɗauki rabi, rabi ya shiga Baitulmali a hannun Ma'aji. Kowace shekara a rubuta abin da ake sa ran samu da abin da za a kashe, Razdan ya duba. Abin da ba a rubuta ba, ko anini ba ya fita dominsa.

Ga yadda kuɗin ke tafiya. Ƙasar Ɗambatta ƙasa ce ta noma, gona na jingine da gona. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta yi daraja, sai ya zama manomi da ita ya ke biyan haraji, Bafilatani kuma ya biya jangalin shanunsa. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, watau Sarkin Bai, shi kuma ya aika birni. Daga nan a fitar da albashin sarki da hakimai da alƙalai, da na 'yan doka da masu tsaron gidan yari. Rabon ilimi ɗan kaɗan ne, amma daga cikinsa En'e ta gina elementare a garuruwan hakimai, ta biya malamai, ta sayi alli da littattafai, ta kuma ciyar da yaran da suka wuce zuwa Midil ta Kano.

Abin mamaki, manomin da gyaɗarsa ta gina ajin, sau da yawa shi ne ke ɓoye ɗansa in an zo ɗibar yara, don yana tsoron boko ya raba shi da addini da gona. Ga shi da kura, ga shi da tsoronta! Ba kuwa za mu ɗora masa laifin duka ba, domin ba a shawarce shi ba sa'ad da ake kasafin. Biya kawai aka ce ya yi.

A 1976 aka kafa ƙananan hukumomi a madadin En'e, aka kuma fara shirin ba kowane yaro ilimin firamare kyauta. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, talakawa suka yi murna. Daga nan galibin kuɗin Ƙaramar Hukumar Ɗambatta ya koma fitowa daga asusun Tarayya, wanda man fetur ya fi cikawa. Nauyi ya sauka daga kan manomi, amma sai makaranta ta ƙara zama kamar ta wani. Kowa ya san kayan da ba a san mai shi ba, in rufinsa ya yaye, ba mai tambaya.

Saboda haka ku riƙe wannan. Ko daga gyaɗa kuɗin suka fito ko daga mai, dukiyar jama'a ce, bencin da kuke zaune a kai na iyayenku ne. In kun girma, ku nemi ganin kasafin ƙaramar hukumarku, ku duba nawa aka rubuta wa makarantu, nawa kuma ya isa aji. Kakanninku ba su sami ikon yin wannan tambaya ba, ku kun samu. Allah ya sa mu riƙe amana, amin.